Tambayoyinku: manhajojin kallon ƙwallo da fim na kyauta, tsakanin doka da lafiyar wayarka

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon kusan duka a kan abu ɗaya suke: manhajojin nan da ake tura wa juna ta WhatsApp ko Xender, masu nuna ƙwallon Turai da finafinai ba tare da an biya ko dala ba. Mun zaɓi shida daga Yamai da Tawa. Ba za mu ambaci sunan wata manhaja da ke aiki yanzu ba, don kada mu yi mata talla. Sunayen wuraren da za a taɓa a cikin waya mun bar su da Faransanci, yadda suke fitowa a yawancin wayoyinmu.

Wani ɗalibi daga Talladje, Yamai: Abokina ya turo mini wata manhaja, ina kallon ƙwallon Ingila da na Sifen kyauta, mai sharhin Balarabe ne. Yayana ya ce laifi ne. Ni dai ban saci komai ba, kallo kawai nake yi. Za a iya kama ni?

Ɗan'uwa, yayanka yana da gaskiya a kan manhajar. Hoton wasan da kake gani yana da mai shi. Masu shirya gasar suna sayar da izinin nunawa yanki-yanki: a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci Canal+ ne ke nuna ƙwallon Ingila, a Najeriya da Gana SuperSport, a ƙasashen Larabawa beIN Sports. Balaraben da kake ji shi ne shaidar cewa hoton an ɗauko shi ne daga tashar da aka sayar wa wani yanki, aka sake watsa shi ba da yardarta ba.

Nijar tana da doka a kan wannan: doka mai lamba 2010-95 ta ranar 23 ga Disamba 2010, wadda ta kare haƙƙin mai ƙirƙira da haƙƙoƙin da ke maƙwabtaka da shi, wato na mawaƙi, da na wanda ya zuba kuɗi aka yi aikin, da na tashar da ke watsawa. Hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin masu fasaha a ƙasar. Kuma Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OAPI, ƙungiyar Afirka mai kare haƙƙin ƙirƙira da yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, tana kuma cikin ƙasashen farko da suka shiga yarjejeniyar Roma ta 1961 mai kare tashoshin watsa shirye-shirye. Maganar da ake yi cewa abin Turawa ne, doka ba ta kai nan ba, ba ta da tushe.

Sai dai nauyin bai zama ɗaya ba. Wanda ya ɗauko hoton ya watsa, da wanda ke sayar da lambar shiga, da wanda ke tara jama'a yana karɓar kuɗi, su ne doka ta fi nufa, kuma su ake bi a ƙasashen da aka yi shari'a. A watan Fabrairun 2021 ƴan sandan Sifen tare da Europol, hukumar ƴan sandan Tarayyar Turai, suka rufe Mobdro, manhajar kallon tashoshin sata da aka sauke fiye da sau miliyan 100. A watan Mayun 2023 wata kotu a Ingila ta ɗaure mutum biyar masu sayar da ƙwallon sata, shugabansu ya samu shekara 11. A 2025 aka rufe Streameast, wani shafin nuna wasannin sata, aka kama mutum biyu a Masar. Masu kallo kawai ba a cika zuwa kansu ba, amma abin ya fara sauyawa: a Italiya, a 2025, an ci tarar masu kallo fiye da 2,000, kowa daga yuro 154, wato sama kaɗan da jaka 100. Ta jerin sunayen waɗanda suka biya kuɗin shiga aka gano su.

A ganinmu, ɗalibin da ke kallo shi kaɗai a ɗakinsa ba ɗan sanda ne babban abin tsoronsa ba. Ranar da ya fara tura manhajar a zaurukan WhatsApp ko saka wa mutane ita a kan dala ashirin, ya tashi daga mai kallo ya koma mai rarrabawa. Idan kuma ta fuskar addini yayanka yake magana, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a taka shi ba. Ka karanta amsar da muka ba Hajiya a ƙasa, don can ne haɗarin da ya fi kusa da kai yake.

Mai gidan kallo a Bukoki, Yamai: Na sayi wata lamba ta wata shida a hannun wani mutum, ina saka ta a tele, tashoshi sun fi dubu. Ina karɓar dala ashirin ga mutum ɗaya. Manhajar a Play Store na same ta, to ai ta halal ce ko? Kuma me ya sa take tsayawa daidai lokacin babban wasa?

Malam, manhajar da ka sauke daga Play Store fanko ce, ba ta da tasha ko ɗaya a cikinta. Aikinta kunna duk abin da aka ba ta, kamar manhajar kunna bidiyo ta VLC, shi ya sa Google ya bar ta. Tashoshin daga lambar nan suke zuwa, kuma lambar ce matsalar. Babu kamfanin da ke da izinin haɗa tashoshin Canal+ da na beIN da na SuperSport a wuri ɗaya ya sayar a kuɗin da bai kai na wata ɗaya na ɗayansu ba. Duk inda ka ga su ukun a jeri ɗaya a irin wannan kuɗi, ka san yadda aka samo su.

Matsayinka ya fi na ɗalibin nan nauyi nesa ba kusa ba, domin kana nuna wa jama'a a wurin da ake biyan kuɗin shiga, kuma wannan yana cikin abin da doka ta ce sai da izinin mai haƙƙi. Idan mai haƙƙin ya kai ƙara, abin da ake fara yi a irin wannan shari'a shi ne riƙe kayan aiki, wato tele da akwati da lasifika, jarinka ke nan gaba ɗaya. Akwai kuma abin da masu gidajen kallo da yawa ba su sani ba: ko dekoda ta halal gare ka, biyan kuɗi na gida an yi shi ne don kallon iyali. Ka je ofishin kamfanin ka ce gidan kallo gare ka, ka tambayi tsarin da suke yi wa wuraren kasuwanci, ka kuma je BNDA ka ji abin da ke kanka na kiɗa da finafinan da kake sakawa tsakanin wasanni. Ka ajiye takardun a shagon.

Tsayawar hoto kuwa dalili biyu ne. Na farko, mai sayarwa yana sayar da lambobi fiye da abin da na'urorinsa za su ɗauka. Ranar ƙaramin wasa ba a gane ba, ranar Real Madrid da Barcelona kowa ya shigo lokaci ɗaya sai su durƙushe. Na biyu, masu haƙƙi a Turai suna samun umarnin kotu na toshe waɗannan na'urori ana tsakiyar wasa, don sun san lokacin ne toshewar ta fi ciwo. Ga jinkiri kuma: hoton yana bi ta hannu uku ko huɗu kafin ya iso gare ka, sai ya makara da rabin minti ko fiye. Maƙwabcinka mai dekoda zai yi ihun ci tun ƙwallon tana tsakiyar fili a telenka, kuma masu kallo ba sa yafe wannan. In an rufe su ana wata na biyu, kuɗin wata huɗun da suka rage sun tafi, babu inda za ka kai kuka.

Wata ƴar kasuwa daga Sabon Gari, Tawa: Ɗana ya sa wani abin kallon fim a wayata. Tun daga nan katin da na sa baya kwana, mega na ƙarewa da wuri, waya tana zafi, kuma tallan caca da hotunan rashin ɗa'a suna fitowa ko ban buɗe komai ba. A wayar nan nake karɓar kuɗin cinikina. Mi ya kamata in yi?

Hajiya, wasiƙarki ita ce ta fi damunmu a cikin duka, saboda jimlarki ta ƙarshe. Wayar da ake karɓar kuɗi da ita ba ta zama da irin wannan manhaja ko na kwana ɗaya.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Masu manhajar suna biyan kuɗin na'urori masu tsada kowane wata, kuma daga wayarki suke mayar da kuɗin. Alamomin da kika lissafa kowace tana da hanyarta. Katin da ke ɓacewa yawanci rajista ce da aka yi wa layinki a ɓoye: manhajar tana buɗe wani shafi da ba kya gani, ta danna amincewa, saƙon tabbatarwa ya shigo ta karanta lambar ta goge shi, daga nan a riƙa cire kuɗi kullum. Akwai wata cutar waya mai suna Joker da ta shahara da wannan, a farkon 2020 Google ya ce ya cire manhajoji 1,700 masu ɗauke da ita daga Play Store. Wurin da ake tantancewa ke nan, balle fayil ɗin da ya bi ta waya goma kafin ya zo hannun ɗanki, wanda kowa a hanya zai iya buɗe shi ya ƙara abin da yake so. Megan da ke ƙarewa da zafin waya kuma suna nuna tana aiki ko kin ajiye ta: tana sauke talla tana dannawa da kanta, ko tana ba wasu baƙi hayar intanet ɗinki su bi ta layinki su yi harkarsu da sunanki.

Mafi muni shi ne izinin da ake ba ta lokacin sakawa. Abin kallon fim ba ya buƙatar karanta SMS, ko jerin lambobin mutanenki, ko buga waya. Izinin SMS yana ba ta lambobin tabbatarwa na asusunki. Izinin kira yana ba ta damar buga lambobin nan masu tauraro da kanta. Wanda ake kira Accessibilité, da aka yi don makafi da masu lalurar hannu, yana ba ta ganin duk abin da ke fuskar waya har da danna maɓalli a madadinki. Sababbin wayoyi, daga Android 13, suna toshe wannan izini ga manhajar da ba daga shago ta zo ba, shi ya sa za ki ga tana koya wa mutum mataki-mataki yadda zai buɗe mata. Duk manhajar kallo da ta nemi haka a goge ta nan take.

Ga abin yi, kuma a bi shi a jere. Ki fara sa wayar a Mode avion don yanke mata hanya. Ki cire layin ki sa a ƙaramar waya mai maɓalli, ki canza lambar sirrin asusun kuɗinki daga can, ki duba cinikin kwanakin nan ko akwai wanda ba ke kika yi ba. Kada ki canza lambar a kan wayar da ake zargi, domin in tana kallon fuska za ta ga sabuwar.

Sannan a koma babbar wayar. A shiga Paramètres, a nemi Accessibilité, a kashe duk abin da ba ki sani ba a jerin. A shiga Sécurité, a nemi wurin Applis d'administration de l'appareil, a cire wa manhajar alama, don in tana nan maɓallin Désinstaller ba zai dannu ba. Sai a je Applications a goge ta. A karanta jerin duka har ƙasa, saboda irin waɗannan sukan shigo da ta biyu mai ɓoyewa, wani lokaci ba ta da hoto, wani lokaci da suna mai kama da na tsarin waya. Idan talla ta hana aiki, a riƙe maɓallin kashewa, a daɗe da yatsa a kan Éteindre har waya ta nemi shiga Mode sécurisé. A yawancin wayoyi haka ake yi, kuma a wannan yanayi manhajojin da aka ƙara ba sa tashi, sai a goge su cikin natsuwa. Bayan an mayar da intanet a buɗe Play Store, a taɓa hoton asusu, a shiga Play Protect a sa ya bincika.

Goge manhajar ba ya soke rajistar da ta yi wa layinki, kuma nan ne mutane da yawa ke tsayawa su ci gaba da asara. Ki je ofishin kamfanin layinki da katin shaidarki, ki ce a duba duk hidimomin da ake cire miki kuɗi a kansu a soke su. Ki buga ##002# don soke duk wata karkatar da kira da aka yi ba ki sani ba. A WhatsApp ki shiga Appareils connectés ki fitar da duk na'urar da ba taki ba, ki kunna Vérification en deux étapes mai lamba 6. Ki canza kalmar sirrin Google.

In bayan kwana biyu talla ta dawo, babu sauran magani sai a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. A kwashe hotuna da lambobin mutane kawai. Kada mai gyara ya kwashe manhajojin ya mayar miki da su bayan an gama, don haka cutar ke komawa. Yaron kuma a nuna masa abin da ya faru ba tare da faɗa ba, shi ma tallan cacar nan da hotunan yana ganinsu, kuma shi aka fi nufa da su.

Wani magidanci daga Yantala, Yamai: Na sayi ɗan akwatin Android a kasuwa, an ce komai yana ciki. Ba waya ba ce, ba kuɗi a cikinsa. Akwai wata matsala?

Akwai, Alhaji. Wasu daga cikin akwatunan nan marasa sanannen suna da cutar a cikinsu suke fitowa tun daga inda aka haɗa su. A Satumban 2024 kamfanin tsaro Doctor Web ya ba da rahoton akwatuna kusan miliyan 1.3 da wata cuta mai suna Vo1d ta kama a ƙasashe 197. A Disamban shekarar hukumar tsaron intanet ta Jamus ta yanke hanyar na'urori kusan 30,000 masu ɗauke da wata cutar mai suna BadBox. A Yunin 2025 FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan sabon salonta, wata ɗaya bayan nan Google ya shigar da ƙara yana cewa na'urorin da abin ya shafa sun haura miliyan 10. Aikinsu danna talla a ɓoye da ba wa masu zamba hanya ta intanet ɗin gidanka. Tunda a cikin tsarin akwatin cutar take, mayar da shi sabo ba ya fitar da ita.

Ka buɗe Play Store a kansa, ka shiga Paramètres, sannan À propos, ka duba layin Certification Play Protect. In ya ce ba a tantance na'urar ba, ko babu Play Store ɗin ma sai wani shago na daban, ko an ce ka kashe Play Protect kafin abu ya yi aiki, to shawararmu ka daina amfani da shi. Kafin ka samu wani, kada ka shigar da asusun Google ɗinka a ciki, ka cire shi daga wuta in ba a kallo, kuma kada ka bar shi a kan wifi ɗaya da wayoyin gidan. Lambar Android ɗin da aka rubuta a kwali ma ba abin dogaro ba ne, ana samun akwatin da ke nuna sabon Android alhali tsoho ne a ciki, wanda ya daina samun gyaran tsaro tun da daɗewa.

Wani mai gyaran waya daga Tawa: Idan na sa VPN fa?

VPN yana ɓoye wa kamfanin layinka shafin da kake shiga, iyakarsa ke nan. Ba ya halatta hoton sata, kuma ba ya hana manhajar da ke cikin waya karanta SMS. Na kyauta kuwa yakan zama ƙarin matsala: a Mayun 2024 hukumomin Amurka suka rusa wata hanyar zamba mai suna 911 S5 da ta shafi adireshin intanet miliyan 19, kuma ta VPN na kyauta ta shiga kwamfutocin mutane. Tunda sana'arka ce, ga abin da zai fi amfanar masu zuwa wurinka: ka daina saka musu irin wannan a wayar da ke da asusun kuɗi ko da sun roƙa, kuma bayan kowane aiki ka kashe izinin Installer applis inconnues da ka buɗe wa Chrome ko Xender. Shafin VirusTotal yana duba fayil kyauta da injinan bincike da dama. In ya ce akwai cuta ka yarda da shi, in ya ce babu kada ka ɗauka wanke shi ya yi, don wasu sai bayan an saka su suke sauko da cutar.

Wata malamar makaranta daga Wadata, Yamai: To mu da ba mu da kuɗin dekoda kowane wata, ina za mu kalla?

Malama, a fara da lissafi, don na kyautar ma ana biya. Hoto matsakaici mai cin megabit 2 a daƙiƙa yana cinye mega 900 a awa ɗaya, wasa ɗaya da hutun rabin lokaci ya kai kusan giga 1.6, ban da abin da talla ke ci. Mai kallon wasa biyu a mako zai ƙone giga 12 zuwa 13 a wata. Ki duba farashin wannan a layinki ki ajiye shi kusa da kuɗin dekoda ko na shiga gidan kallo. Ga wanda ƙwallo ce damuwarsa, sau da yawa gidan kallo mai takardu ya fi sauƙi nesa.

Na halal kuma na kyauta akwai su. FIFA+, manhajar kallo ta hukumar FIFA da aka buɗe a 2022, tana nuna tsofaffin wasannin gasar duniya da wasu wasanni kai tsaye. Manyan gasanni da ƙungiyoyi da hukumar CAF suna saka taƙaitattun wasanni a shafukansu na YouTube. Télé Sahel da sauran tashoshin gida ba sa buƙatar biyan wata. Masu son finafinan Hausa su ne suka fi kowa sa'a, domin masu shirya su da yawa a Kano da kansu suke sakin shirye-shiryensu a YouTube, Arewa24 ma tana da shafinta da manhajarta. A nan ne zaɓinki yake da tasiri kai tsaye: kallo a shafin mai fim yana kai masa kuɗin talla, kallon fim ɗin nan a manhajar sata ko a shafin wanda ya kwafa yana kai kuɗin ga wani. Haka yake ga mawaƙanmu na Nijar. Ki duba sunan shafin da kyau ki tabbata na kamfanin ne, don masu kwafa suna ƙara harafi ɗaya su yi kama da shi.

Don rage cin mega a YouTube, ki taɓa alamar saiti a kan bidiyon, ki shiga Qualité ki zaɓi 360p ko 480p. A fuskar waya bambancin kaɗan ne, cin megan kuwa yana raguwa da fiye da rabi in an kwatanta da 720p. In yara za su riƙe wayar, ki kunna Mode restreint a saitin YouTube ɗin, ki kuma sa wa Play Store lambar Contrôle parental wadda ke kaɗai kika sani.